Farar Ƙasar Tsafe da Shekarar Takabata

Labari ya iso ni cewa ranar da aka kai Malam Garba, tsohon abokin aikina, makwancinsa a Tsafe, babu ko ɗaya cikinku da ya je. Nura yana Gusau ranar, motarsa lafiya lau, ya ce wai aiki ya yi masa yawa. Da na kira Sa'adatu sai ta ce mini, "Umma, mutumin da ya kashe miki aiki?" Na ajiye wayar, don in na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito, kuma ba ya kyau a zagi mace mai 'ya'ya a gabanta. Kun taso kuna tsintar maganar nan a bakin mutane, gutsure nan gutsure can, ni kuma ban taɓa zaunar da ku na ba ku ita daga tushe ba. To ga ta. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce uffan.

A shekarar da nake magana a kanta ina koyar da ilimin sinadarai a wata kwaleji a Gusau, ina kuma neman digiri na uku a wata jami'a mai nisa, wadda nake leƙawa jefi-jefi in kai wa malamina abin da na samu. Muna zaune a Bungudu, a gidan gado, mu a sashen yamma, Inna kakarku a sashen gabas. Kullum da safe in goya Bilki in kai ta wurin Inna, in sallami manyan zuwa makaranta, in fita bakin titi in tari bas. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna. Wanda yake son ya gaya maka magana, sai dai ya tako ko ya aiko. Ku riƙe wannan, don na san ku, yanzu wani zai ce me ya hana a buga waya.

Abin da nake haɗawa sunansa ziyolait. In kun gan shi za ku ce garin alli ne, fari tas, amma kowace ƙwayarsa cike take da ƙofofi da lunguna waɗanda ido ba ya gani. A matatar mai da irinsa ake farfasa mai mai kauri ya koma fetur. Man ya shiga lungunan, ya fito ya zama wani abu daban, shi kuma garin yana nan bai ƙare ba. Aibinsa ɗaya, ƙofofin nasa ƙanana ne ƙwarai. Man da ni nake so in sarrafa, wato man angurya da tsohon man suya da masu ƙosai ke zubarwa, ƙwayoyinsa manya ne, sai su tsaya a bakin ƙofa su toshe ta. Aikina shi ne in buɗe wa garin nan manyan hanyoyi a cikinsa, in kuma yi shi da kayan gida: farar ƙasa daga wajen Tsafe, da tokar ɓuntun shinkafa daga injinan casa na Gusau.

Dabarar buɗe hanyoyin kuwa sabulu ne. Ba sabulun salo na kasuwa ba, wani danginsa ne da ake kawowa daga ƙasar waje. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. In suka yi yawa a cikin ruwa sai su taru su yi curi-curi, wutsiyoyi a ciki suna ɓuya, kawuna a waje. Wannan curin ne ma yake ɗauke maiƙo daga kwano in kuna wanke-wanke, maiƙon ya shige tsakiya, ruwa ya tafi da shi. In aka daidaita yawan sabulun da ɗumin ruwan, sai curin ya miƙe ya zama dogaye kamar tsinke, su jeru gefe da gefe. A lokacin ake haɗa su da narkakkiyar farar ƙasa da tokar, a rufe a tukunyar ƙarfe, a sa a ƙaramin tanderu na 'yan kwanaki, haɗin ya bi jikin tsinkayen ya daskare. Daga ƙarshe a kai babban tanderu wuta ta cinye sabulun, inda yake a da ya zama hanya. Kun taɓa ganin magini ya sa kara a cikin ɗanyen gini, in ya sha iska ya zare shi a sami kafar ruwa? To haka ne, sai dai nawa karan ba ya zaruwa, ƙona shi ake yi.

Babanku ma'aikacin gona ne na ƙaramar hukuma. Bai san komai a sinadarai ba, bai kuma taɓa yin kamar ya sani ba, amma ya ɗauki aikin nan kamar gonarsa. Shi yake zuwa injin casa ya roƙo mini ɓuntu, ya ɗauro buhu a bayan babur, ya iso gida fari fat har gashin ido. Shi da Malam Garba suke zuwa haƙo farar ƙasar, don Malam Garba ɗan Bilbis ne, ya san ramukan wajen tun yana yaro. A hanyar nan suka zama aminai. Duk ranar da na dawo fuska a murtuke, babanku ya san haɗi ya lalace, sai ya tare ni tun daga zaure.

"Yau kuma me aka dafa, Dakta?"

"Ka daina ce mini Dakta, ban zama ba."

"A wurina kin zama, takarda ce ta yi saura. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni dai ban taɓa zaton a gidana za a gwada ba."

Sai in yi dariya ban shirya ba. Haka mutumin yake, Allah ya jiƙansa.

Wuyar aikin duka tana wurin wutar ƙarshe. Bangon da ke tsakanin hanyoyin nan siriri ne ƙwarai, in aka afka masa da zafi gaba ɗaya, ruwan da ya rage a ciki ya zama tururi, sabulun ya kama da ƙarfi, bangon ya rushe. Garin zai fito fari kamar na kirki, amma a toshe. Dole a wanke shi tas, a bar shi ya bushe ƙayau, sannan a riƙa ɗaga wutar kaɗan-kaɗan, wuni guda ana hawa. Wannan ban tsince shi a sama ba, sai da na ƙona haɗi bayan haɗi sannan hannuna ya gane tafiyar tanderun namu. A jikin bango kusa da shi na manna iyakar zafin da ake kaiwa, amma yadda ake hawa yana kaina, don ni kaɗai nake kunna shi. Duk haɗin da na ƙona, sabulun raguwa yake, kuma kwalba ɗaya ce tal, wani abokin malamina ya yo mana tsarabarta daga waje. A shekara ta uku na samu wanda ya yi. Bai fi cokalin shayi ba, gwaji ya cinye shi, amma ya yi. Malamina ya aiko cewa in haɗo mai yawa wanda za a gwada da mai a kuma auna a na'urarsu, in ya fito kamar wancan, magana ta ƙare, kuma in hanzarta don wa'adin karatuna ya zo ƙarshe. Na karkace kwalbar nan har sai da na ɗauraye ta na zuba. Ranar Laraba na ɗaure murfin tukunyar na sa a ƙaramin tanderu, za a sauke Asabar.

Ranar Alhamis ba ni da aji, ina gida. Babanku ya fita duba gonaki da safe, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Da azahar ya dawo ya ce kansa yana sara. Ya zauna a inuwar ɗaki ya ce in ba shi ruwa. Na kawo, ya karɓa, kofin ya suɓuce daga hannunsa. Kafin a samo mota a kai shi asibiti magana ta ɗauke, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Likita ya ce jini ne ya hau masa. Ba zan tsaya a nan ba, 'ya'yana, don har yau in na tsaya a nan ba na iya wucewa. Nura, kai ka tuna, kai ka ɗauke kofin daga ƙasa.

Aka shimfiɗa mana tabarma a ɗakin Inna, ni da ita gefe da gefe, mata suna shiga suna fita. Babanku ɗan fari ne, kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta riƙe carbi, idonta a ƙasa, in aka yi mata gaisuwa ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki," shi ke nan. Ni kuwa na yi kuka har muryata ta dushe. Amma zan gaya muku abin da ba a faɗa. A tsakiyar kukan nan, zuciyata takan zille ta tafi Gusau ta tsaya a kan tukunyar. Sai in ji kunyar kaina, in yi istigfari, in dawo. Can kuma ta sake zillewa. In ba a sauke ba haɗin zai zarce ya zama dunƙulen dutse marar ƙofa. Ba digirin nake hange ba a lokacin, wallahi. Abin da ke cikin tukunyar nan ƙasar da ya haƙo ce da hannunsa, da ɓuntun da ya ɗauko. Shi ne abu na ƙarshe da muka yi tare.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ce ga Malam Garba. Ya yi wa maza gaisuwa a zaure, aka shigo da shi har ƙofar ɗaki saboda amincinsa da mamaci. Asabari yana sake tsakaninmu, ƙafafunsa kawai nake gani ta ƙasa. Malam Garba mutum ne mai sauri a komai, cin abincinsa, tafiyarsa, maganarsa. In ka ce masa kana da matsala, kafin ka rufe baki ya miƙe. Ranar kuwa muryarsa a hankali take fita.

"Inna, ya haƙuri? Malama, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Muka amsa. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce:

"Malama, maganar wurin aiki kada ki sa ta a ranki. Na san akwai abu a wuta. Zan sauke, in ƙarasa miki komai."

Da ya ce zai sauke, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Da ya ce komai, sai gabana ya faɗi. Maganar ta zo har kan harshena: ka sauke, ka wanke, ka ajiye, kada ka kai shi babban tanderu. Ko in ce, in za ka ƙona, a hankali da wutar. Ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na ɗaga kai na ga ɗaki cike da mata, kowacce ta yi tsit tana sauraro. Na dubi Inna, carbinta ya tsaya a hannunta.

Ku fahimce ni da kyau. Addini bai hana ni magana ba, na san wannan tun a lokacin, mai takaba ma tana fita in lalura ta kama. Inna ba ta hana ni ba, babu wanda ya hana ni. Kunya ce. Da na faɗi maganar nan, kafin magariba duk Bungudu ta ji cewa matar mamaci, ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba, tana ba da umarnin aikin boko ta bayan asabari. Wannan ma da na iya shanyewa, ba yau aka fara yi da ni a garin ba. Abin da ban iya ba shi ne tsohuwar da aka binne ɗanta jiya ta ji cewa akwai wani abu a raina bayan shi. Na auna, na zaɓa. Na ce:

"Allah ya saka da alheri, Malam."

Ƙafafun ba su tafi nan take ba. Sun ɗan tsaya, ɗaya ta motsa ta dawo. Sannan ya yi sallama ya fita.

Na ce a raina zan aika. Amma gidan makoki ba ya ba ka sarari, ko bayi za ka sai an raka ka da ido. Sai bayan sadakar uku, da mutane suka ɗan ragu, na samu na ja ƙanwata Asabe gefe na raɗa mata saƙon, na sa ta maimaita har sau biyu. Washegari ta shiga bas ta tafi Gusau. Da yamma ta dawo da fara'arta, tana ganin albishir ta kawo.

"Yaya, ya ce ki kwantar da hankalinki. Tun jiya aka gama komai. Ya ce ya fito fari tas."

"Ya ce miki awa nawa ya yi a wuta?"

"Ban tambaya ba. Da matsala ne?"

"Babu," na ce.

Da wannan na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Gero ya nuna aka yanke, dawa ta biyo baya, ina zaune a ɗaki da tufafi marasa ado, ba kwalli ba turare. Wata rana in ce ai Malam Garba malamin sinadarai ne, zai yi tunani. Wata rana in tuna yadda yake shan shayi da zafinsa a tsaye, in ce shi ke nan. Ina iya aikawa a kawo mini garin gida in duba, ban aika ba. Muddin ban gani ba, yana iya yiwuwa ya yi, kuma a watannin nan ba ni da wani abin da nake jira sai shi. Inna takan aiko mini da fura da hantsi, mu gaisa, ta tambayi yara. Ba ta taɓa yi mini maganar aikina ba, tun da aka kawo ni gidan ma ba ta taɓa ba. Na ɗauka ba ta san me nake yi a Gusau ba bayan koyarwa.

Ranar da na koma, Malam Garba yana jira na a ƙofar ɗakin gwaji. Ya buɗe kabad ya fito da kwalba, ya naɗe ta da tsumma mai tsabta kamar jariri. Garin yana ciki fari sol, ya fi duk wanda na taɓa yi yawa. Muna da gwaji mai sauƙi da nake fara yi kafin a kai na'ura. Akwai wani shuɗin rini mai manyan ƙwayoyi, in ka zuba garin kirki a ruwansa ka girgiza, hanyoyin sukan shanye shi, ruwan ya washe. Na ɗebi kaɗan na zuba, na girgiza, na ajiye. Muka tsaya muna kallo. Garin ya kwanta a ƙasa, ruwan yana nan shuɗi. Na ƙara wani, na sake girgizawa. Shuɗi.

"Ko sai ya ɗan jima?" in ji shi.

"Malam, yaya ka yi da wutar?"

Ya ce ranar da safe aka kawo lantarki mai ƙarfi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Garin bai gama bushewa ba, amma ya ji tsoron in ya jira za a ɗauke wuta a bar shi a rabi. Ya duba bango ya ga lambar da na manna, ya murɗa kai tsaye zuwa can, ya zauna a gaban tanderun yana addu'ar kada a ɗauke, ko abinci bai fita ci ba. Yana faɗa yana kallon fuskata, muryarsa tana raguwa. Ya jawo kujera ya zauna. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar.

"Na kashe shi ke nan."

"Ƙaddara ce, Malam."

"Malama, da tambayar wutar nan na zo ranar gaisuwa. Tun daga Gusau nake maimaita ta a mota. Na tsaya a ƙofar nan, na ga takalman mata, na ji shirun ɗakin, na ce wane irin mutum ne zai tambayi mace lissafin wuta kwana ɗaya da binne mijinta. Na tsaya ko za ki ce wani abu."

"Na ga ƙafafunka," na ce. "Amsar tana bakina."

Ya sa hular a fuskarsa. Dattijo da furfura, a gaban ɗalibai masu leƙe ta taga. Ni na tashi na rufe tagar.

Na aika garin jami'a duk da haka, na'ura ta faɗi abin da shuɗin ya faɗa. Kafin wata ya zagayo magana ta cika kwalejin, ta bi bas ta iso Bungudu: wai Malam Garba ya ga mace za ta riga shi zama dakta, ya bari sai tana takaba ya ƙona mata aiki. Na ƙaryata a ɗakin malamai, na ƙaryata a gidan biki, na ƙaryata a gaban duk wanda ya kawo mini ita. Kun san abin da suke cewa? "Allah sarki, Malama akwai kara. An cuce ta tana rufa masa asiri." Duk yadda na rantse, sai su ƙara yabona su ƙara tsine masa. Shi kuwa bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Ya ce in ya yi bayani, dole ya ce ban gaya masa ba, kuma ba zai ɗora wa matar amininsa ko da ƙwayar laifi ba. Shekara ba ta cika ba ya nemi a mayar da shi wata makaranta a Tsafe, can ya ƙare aikinsa. Buhun geron nan da yake zuwa mana duk kaka, wanda nake ce muku daga dangi ne, daga gonarsa ne ta Bilbis, shi ya roƙe ni kada in faɗa. Da tuwonsa kuka girma, ku da kuka kasa zuwa jana'izarsa.

Za ku ce me ya hana in sake. Sabulun ya ƙare, wa'adin ya cika, malamina ya yi ritaya a ƙarshen shekarar. Da na nace, wataƙila da an samu wata hanya, wasu sun yi da abin da bai kai nawa ba. Amma ku uku kuna gabana, mai haƙo ƙasar ba ya nan, kuma in na shiga ɗakin gwajin sai in kasa tsayawa a ciki. Na koyar har na yi ritaya, ana kira na Malama, ban kuma ji haushin sunan ba. Abin dai yana yi mini ciwo, ba zan yi muku ƙarya ba. Yau in na ga a waya yara a wasu ƙasashe suna yin irin aikin, har da tokar shinkafa, nakan karanta rabi in kife wayar.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har shi Malam Garba. Ranar da na gwada shuɗin na dawo gida da la'asar, ban ko cire mayafi ba Inna ta aiko a kira ni. Na same ta ita kaɗai a ɗakinta tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"Ɗiyata, aikin ga na farar ƙasa, ya yi?"

Ban san ta san da shi ba.

"Bai yi ba, Inna."

"Wutar ce?"

Na ɗago na dube ta. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Kullum in mijinki ya zo gaishe ni sai ya ba ni labarin wanga aiki, har in ce ya ishe ni. Ranar Larabar nan ya ce mini an ɗora na ƙarshe, in sa albarka. Ya ce wuyarsa duka wuta ce, sai a hankali, wuni guda ana hawa, in an gaggauta ya mutu. Da mutumin nan ya tsaya a ƙofa ya ce zai ƙarasa, na so in ce masa, yaro, a hankali da wutar. Ina ta jira ki faɗa. Da na ji kin yi shiru, sai na ce ke ce mai aikin, kin fi ni sani, mi tsohuwa ta sani a boko. Na ce kuma kada in tayar miki da abin da baƙin ciki ya mantar da ke."

"Ban manta ba, Inna. Kunyarki na ji."

Ta daɗe tana kallo na. Sannan ta ture faifan gefe, waken ya zube a tabarma, ba ta kula ba. Ta kama hannuna da nata biyu, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara girgiza. Shekara goma sha biyar na yi a gidan nan kafin ranar, ban taɓa jin ta ambaci ɗanta na fari da sunansa ba, sai dai wancan, ko yaron nan. A ranar ta kira shi, a hankali, sau biyu, kamar yana tsakar gida zai amsa.